Sharhi: Darasin ruwan Tibiri da buƙatar asusun binciken ɗalibai a Maraɗi

Duk wanda ya saba shiga Tibirin Gobir ya san su. Maza ne da mata da shekarunsu yanzu ke tsakanin ashirin da 'yan kai zuwa arba'in. Haƙoransu sun rine kamar na wanda ya shekara hamsin yana cin goro, wasu ƙafafunsu sun lanƙwashe, wasu ba sa iya tafiya mai nisa sai da sanda. Ba haka aka haife su ba. Ruwan famfo ne ya mayar da su haka.

A shekarar 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, wadda kamfanin ruwa na ƙasa na wancan zamani, SNE, ya riƙa gudanarwa. Jama'a sun yi murna, domin ruwa ne garau, ba wari, ba ɗanɗano, ya kuma hutar da mata jan guga. Abin da ido ba ya gani shi ne sinadarin fuloraid da ruwan ke kwasowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Na Tibiri ya ninka haka sau uku zuwa huɗu. Kaɗan daga wannan sinadari yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya yi yawa kuwa, sai ya shige cikin ƙashin yaron da ke girma ya lalata shi, kuma tafasa ruwan ba ya fitar da shi, sai ma ya ƙara masa ƙarfi.

Kusan shekara 15 yara suna shan wannan ruwa. Iyaye sun yi ta yawo tsakanin asibiti da masu maganin gargajiya, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa gado ne. Kafin a gano gaskiya a daina amfani da rijiyar, abin ya shafi yara kusan 5,000, ɗaruruwa daga cikinsu da nakasa mai tsanani. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH da takwararta ta duniya FIDH suka fitar da rahoto a kan lamarin, sunan Tibiri ya zagaya duniya ta hanyar da babu Bagobirin da zai so.

Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne araharsa. Awon fuloraid ba aikin da sai an je Faransa ba ne. A yau akwai 'yar na'urar hannu da ke yin sa cikin mintoci, kuɗinta bai kai na sabon babur ba, kuma ɗalibin ajin ƙarshe na lise da ya karanta ilimin sinadarai zai iya koyon aiki da ita a yini ɗaya. Ko a wancan lokacin ma gwajin sananne ne a ɗakunan bincike. Tibiri kuwa ba daji ba ne, fadar Sarkin Gobir ce, tafiyar 'yan mintoci daga birnin Maraɗi. An rasa wanda zai ɗebi ruwan a kwalba ya kai a auna, ya kuma dawo bayan wata shida ya sake.

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da jihar Maraɗi za ta samu ƙaramin asusu na dindindin, wanda aikinsa kawai shi ne ba ɗaliban koleji da lise da jami'a kuɗin gudanar da binciken muhalli da su da kansu suka tsara, a unguwanninsu da garuruwansu. Ba taron bita ake nufi ba, ba kuma bikin dashen itace na ranar 3 ga Agusta da ake ɗaukar hoto a watse ba. Ana nufin kuɗin sayen ma'auni, da kuɗin mai, da kuɗin kai samfuri ɗakin gwaji, da malamin da zai tsaya a kan aikin har a ga ƙarshensa.

Jihar ba ta rasa masu ilimi ba. Tun 2010 Maraɗi ke da jami'arta, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyya ɗan garin da ya riƙe ma'aikatar ilimi zamanin Diori Hamani. A cikinta akwai tsangaya sukutum ta aikin gona da kimiyyar muhalli. Ga kuma cibiyar INRAN ta Tarna a bakin gari, wadda ta daɗe tana fitar da irin gero da wake. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala digiri a kan ƙasa da ruwa da itatuwa da ƙwari. Tambayi kowanensu wa ya biya kuɗin fita daji, amsar da za ka fi ji ita ce baba, ko yaya da ke Agadas, ko kuma kuɗin alawus na hukumar ANAB idan Allah ya sa ya fito a kan lokaci. Wanda ya yi sa'a shi ne wanda malaminsa ke da wani shiri na ƙasashen waje ya rataya shi a ciki.

Illar wannan a bayyane take. Ɗalibin da ba shi da kuɗin gwaji ba zai zaɓi tambayar da ke buƙatar gwaji ba. Sai ya buga takardar tambayoyi, ya zagaya ƙauye biyu yana tambayar manoma ko sun lura damina ta canza, ya haɗa amsoshin ya kare kundinsa. Ra'ayin manomi yana da daraja, babu musu. To amma ra'ayi ba ya gaya maka yawan gubar da ke cikin rijiya, ba ya gaya maka mita nawa ruwan ƙasa ya ja baya a shekara goma. An tara kundaye masu yawa a kan abin da mutane ke ji, an bar abin da ma'auni ke faɗa.

A matakin ƙasa, Nijar na da asusun tallafa wa binciken kimiyya da ƙirƙira da ake kira FARSIT, kuma ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da ɗaukar alƙawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu domin bincike, alƙawarin da har yau ya gagari kusan dukkansu. Ko da a ce komai na tafiya daidai a Yamai, hannun irin wannan asusu ba zai kai ga 'yar koleji a Jiratawa ba. Kuɗin waje kuwa suna da nasu shingaye. Takardar neman tallafin sau da yawa da Ingilishi take, ana son ƙungiya mai rijista da asusun banki da tarihin ayyukan baya, ana son a cike ta a intanet kafin wata rana da ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Tallafin da aka rubuta "na matasa" a kansa yakan ƙare a hannun ƙungiyar da shugabanta ya haura hamsin, matasan kuma a ba su riga da hula su tsaya a bayan allo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wasu manyan masu ba da agaji sun dakatar da nasu, sannan a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID gaba ɗaya. Duk wanda ya gina binciken ƙasarsa a kan wannan hanya ya ga yadda take iya rufewa dare ɗaya.

Ga mai shakkar ko ƙaramin bincike na iya canza wani abu, ba sai an kai shi nesa ba. Manoman gero sun san murzuna, tsutsar da ke bin zangarniya tana cinye ta daga ciki har a yi asarar rabin gona a mummunar shekara. Masana ƙwari a Maraɗi, ciki har da Farfesa Ibrahim Baoua, tare da abokan aikinsu na Burkina Faso da Mali, sun yi shekaru suna aiki a kan wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro wanda ke kashe tsutsar. Dabarar da suka daidaita ba ta wuce 'yar jakar algarara da aka zuba wa gero da tsutsotsin kiwo da 'yan matan wannan ƙwaro ba, a rataye ta a ƙauye, 'ya'yan su fito su bazu cikin gonaki. Gidauniyar McKnight ta Amurka ce ta tallafa wa aikin tun wajen 2006, kuma ɗalibai da dama sun yi digirinsu a cikinsa, su ne suka riƙa bin gonaki suna ƙirga zangarniya. Haka buhun PICS mai riɓi uku, wanda yau ake sayarwa a kasuwanni domin adana wake ba tare da magani ba: jami'ar Purdue ce ta ƙirƙiro shi, amma a rumbunan manoman wannan yanki aka yi ta gwada shi har aka tabbatar. Ƙafafun matasan Maraɗi ne suka yi waɗannan ayyuka. Tambayar da kuɗin ne suka zo daga wani wuri.

Akwai kuma labarin da ya zama kishiyar na Tibiri, amma darasinsu ɗaya. A farkon shekarun 1980 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa a gona ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka bar reshe biyu ko uku aka gyara su, itace zai tashi da kansa. Manoma suka karɓi abin, suka gyara shi daidai da gonakinsu, ya zama sassaben zamani, ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye har Damagaram. Gawo da kalgo da sabara suka dawo. Amma sai bayan kimanin shekara 20 ne masu bincike, ciki har da ɗan Nijar Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan, suka haɗa hotunan sama da ƙidayar ƙasa suka nuna girman abin: kimanin hekta miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200. Duk tsawon wancan lokaci rahotannin duniya na cewa hamada na cinye Nijar, alhali ɗaya daga cikin manyan nasarorin muhalli na nahiyar na faruwa a bayan makarantun ƙauye. Da a ce tun 1990 kowace koleji na ƙirga itatuwan gona goma a kowace shekara tana rubutawa, da ƙasar ta san abin da take da shi tun da wuri, da kuma ba a jira sai 2020 ba kafin a fitar da dokar da ta tsara haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina.

To me ke jiran awo a yau?

A Jiratawa, filin noman rani da hukumar ONAHA ke kula da shi, mai faɗin kimanin hekta 500, ya dogara ne kacokan da ruwan da injuna ke jawowa daga ƙarƙashin kwarin Gulbin Maraɗi. Gulbin daga Najeriya yake fitowa, kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina wajen 1990, yadda yake kwarara ya canza. A wannan shekarar ce ma ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kai, wadda ta ambaci wannan gulbi. Ban da filin hukuma, ga ɗaruruwan masu lambu da kowa ya haƙa tasa 'yar rijiya ya ɗora injin. Kowa na ja, kuma tsofaffin manoma na cewa da can ruwan ya fi kusa. Igiya mai alamar mita da littafin rubutu sun isa a fara amsa wannan tambaya. Ɗalibai goma da za su auna rijiyoyi ashirin sau ɗaya a wata, tsawon shekara biyar, za su samar da hujjar da wakilin Nijar zai iya ajiyewa a kan tebur ranar da aka zauna da Najeriya maganar ruwa.

Sai maganin ƙwari. Zogale da tumatir da tattasai da kabejin kwarin su ne ke cika kasuwannin Maraɗi, zogalen ma har Yamai yake kaiwa. Magungunan feshi kuwa a kan tebur ake sayar da su a kasuwannin ƙauye, da yawa sun tsallako iyaka ba tare da amincewar kwamitin da ke tantance su a ƙasashen Sahel ba, abin da ƙungiyar RECA ta zaurukan manoma ta sha nunawa a bincikenta. Piya-piya ma akwai masu zuba shi a abin da ba a yi shi dominsa ba. Ba wanda ke cewa a sa yara su taɓa guba. Amma ɗalibi na iya rubuta sunayen magungunan da ake sayarwa, ya tambayi kwana nawa ake bari tsakanin feshi da tsinka, sannan ɗan jami'a ya kai samfurin ganye inda za a gwada. Mai cin kwaɗon zogale a Maraɗi yana da haƙƙin sanin amsar, shi ma manomin da ke feshi ba takalmi ba safar hannu haka.

A cikin birni kuwa, daminar 2024 ta isa shaida. A ƙarshen watan Agusta ruwa kimanin milimita 150 ya sauka cikin ƙasa da sa'o'i biyu, wato fiye da rubu'in abin da garin ya saba samu a shekara, aƙalla mutum 15 suka rasu, gidaje suka rushe. A faɗin ƙasa mutanen da ambaliyar ta shafa sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun zama mafaka. Maraɗi ba baƙuwar ambaliya ba ce, ruwan 1945 ne ya tashi tsohon gari daga kwari ya hau tudu. Duk da haka, har yau bayanin da ake da shi game da inda ruwa ke bi a unguwanni, da yadda kwazazzabai ke cin ƙasa kowace damina, da magudanun da leda ta toshe, yawancinsa a bakin mazauna yake. (Dokar hana leda ta 2014 tana nan a takarda, kowa kuma ya ga abin da ke rataye a ƙayoyi.) Matasa da yawa a gari na riƙe da wayar da ke iya ɗaukar hoto tare da nuna daidai wurin. Taswirar ambaliya ta unguwa-unguwa aikin hutun damina ɗaya ne ga ɗaliban lise biyu ko uku, in an ba su jagora da kuɗin kati.

Ba sabon abu ake ƙirƙirowa ba. Shirin GLOBE, wanda ya fara aiki a 1995 da goyon bayan hukumar NASA, ya ginu ne a kan 'yan makaranta a ƙasashe fiye da 120 suna auna ruwan sama da zafi da ƙasa bisa ƙa'ida ɗaya, suna tura alƙaluman inda masana ke amfani da su. Shirin TAHMO na kafa tashoshin awon yanayi a harabar makarantun Afirka, domin makaranta na da katanga da mai gadi da malamin kimiyya. A jihar Kolorado ta Amurka, bayan ambaliyar garin Fort Collins ta 1997 ta nuna cewa ruwa na iya yin ɓarna a unguwa ɗaya ma'aunin hukuma da ke wata unguwar bai sani ba, sai aka raba wa jama'a ma'aunai, abin ya zama babbar hanyar tattara bayanai a ƙasar. Manomin Maraɗi ya riga su sanin haka: ana iya yin shuka a wannan ƙauye, maƙwabcinsa na kallon hadari ya wuce. Yamai na da AGRHYMET da ACMAD, manyan cibiyoyin yanayi na yanki da na nahiya, amma hasashensu ba zai fi ingancin alƙaluman da ke zuwa daga ƙasa ba.

Akwai ƙorafin da dole a saurara da kyau. Wani zai ce, a jihar da a watan Nuwamban 2021 gobara ta kashe yara aƙalla 25 a azuzuwan zana a cikin birnin Maraɗi, a jihar da yara ke zama a ƙasa su fi tamanin a aji, malamin kwantaragi na jiran albashi, wa ke da bakin maganar bincike? A fara gina aji tukuna. Maganar na da nauyi, kuma babu wanda ya isa ya ce ma'aunin ruwan sama ya fi rufin aji muhimmanci. Sai dai kuɗin ba girmansu ɗaya ba. Abin da za a kashe a gina aji ɗaya na siminti zai ɗauki nauyin ƙananan bincike da dama har shekara. Sannan yawancin makarantun ba su da ɗakin gwaje-gwaje, kuma ba za su samu ba nan kusa. Ɗalibi na haddace sunayen sinadarai daga allo bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Rijiyar unguwa da gonar bayan makaranta su ne ɗakin gwajin da ake da shi a hannu, kyauta.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan ƙarfi. Awon ruwan sha aikin hukuma ne da kamfanin ruwa, ba na yara ba, kuma bai kamata a sauke wa gwamnati nauyinta a ɗora wa 'yan lise ba. Gaskiya ne. Sakamakon ɗalibi ba zai zama hukunci ba, ƙararrawa ce kawai. Idan ya nuna wani abu, sai ƙwararru su zo su tabbatar ko su ƙaryata. Akwai ma haɗarin yaro ya yi kuskuren awo, labari ya bazu a WhatsApp, gari ya ƙaurace wa rijiya mai kyau ya koma shan ruwan tafki. Saboda haka ne dole kowane aiki ya kasance ƙarƙashin malami, kuma kada a fitar da sakamakon da ya shafi lafiya sai jami'a ta sake gwadawa. Amma Tibiri ta nuna abin da ke faruwa idan mai sayar da ruwa shi kaɗai ne mai auna shi.

Yadda asusun zai kasance ba ya buƙatar dogon tsari. Tallafi ƙanana, daga jika 100 zuwa jika 300 ga ƙungiyar ɗaliban koleji ko lise, har zuwa miliyan ɗaya ga ɗalibin babban digiri da aikinsa ke buƙatar ɗakin gwaji. Takardar nema kada ta wuce shafi biyu, a karɓe ta da Faransanci ko da Hausa. Kwamitin zaɓe ya haɗa malaman jami'a da na INRAN da wakilin manoma da ɗalibai biyu, a kuma liƙa sunayen waɗanda suka ci da adadin kuɗin a bainar jama'a. A haramta kashe ko dala ɗaya a hayar zauren otal da kuɗin zama, domin nan ne kuɗin ayyuka suka saba nutsewa. Kayan awo su zama mallakar makaranta, 'yan baya su gada, tun da awon shekara ɗaya ba ya nuna komai sai an jera shi da na shekarun da ke biye. Kuma duk wanda ya karɓi kuɗi sai ya koma garin da ya yi aikin ya faɗi abin da ya gano da Hausa, a gaban mai gari da mata da manoma, sannan a ajiye alƙaluman inda kowa zai iya dubawa.

A ware rabin guraben ga 'yan mata, ba don cika sharaɗin wani mai ba da agaji ba. Su ne ke ɗebo ruwa, su ne suka san rijiyar da ke ƙafewa a watan Afrilu da wadda ruwanta ya canza launi, su ne ke wanke ganyen da aka fesa. A jihar da aurar da yarinya kafin shekara 18 ya fi yawa a ƙasa, yarinyar da ta tsaya a gaban dattawa ta karanta sakamakon awon da ta yi da hannunta ta ba mahaifinta dalili guda na barin ta ta ƙarasa.

Saura wa zai biya. Hukumomin jiha da na birni ne ya kamata su sa tubalin farko da layi na musamman a kasafinsu, komai ƙanƙantarsa, domin abin da ba ya cikin kasafi ba ya wuce shekara ɗaya. Gwamnatin da ta kafa asusun FSSP a 2023 da sunan dogaro da kai, ta kuma nuna cewa 'yan ƙasa na iya tara kuɗi idan an kira su, ba za ta rasa fahimtar cewa ƙasar da sai baƙo ya zo ya gaya mata abin da ke cikin ruwanta ba ta gama mallakar kanta ba. Sai alhazan Maraɗi, waɗanda dukiyarsu ta sa har Turawa suka rubuta littafi a kansu. Sun gina masallatai da makarantun Islamiyya, sun haƙa rijiyoyi sadaka a ƙauyuka ba iyaka. Wanda ya haƙa rijiya domin lada, zai so ya tabbata ruwanta ba ya karya ƙashin marayu.

Ga 'yan Maraɗi mazauna Kano da Legas da Abijan da Akara, da na Libiya da Aljeriya da Saudiyya da Turai, ƙungiyoyinsu sun saba haɗa kuɗin jana'iza da na azumi da na gyaran masallacin gida. Ƙungiya ɗaya na iya ɗaukar nauyin makaranta ɗaya: ma'aunin ruwan sama, na'urar awon ruwa, da kuɗin sinadaran shekara. Waɗanda suka yi karatu mai zurfi a waje kuma suna da abin da ya fi kuɗi, wato su duba tsarin aikin ɗalibi ta waya, su gyara masa lissafi, su taya shi cike takardar Ingilishin nan da ke hana shi kaiwa ga manyan tallafi. Sharaɗin da ya kamata su gindaya kafin su turo ko jika ɗaya shi ne a turo musu hoton littafin awo kowane wata.

Ba sai an jira doka daga Yamai ba kafin a gwada. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da hukumar ilimi ta jiha na iya zaɓar makarantu shida, biyu a birni, biyu a Tibiri, biyu a Jiratawa, a fara da abu uku kacal: ruwan sama, zurfin rijiyoyi, da fuloraid. Duwatsun da suka ba rijiyar 1985 gubarta suna nan a ƙarƙashin yankin, kuma tun daga lokacin an haƙa sababbin rijiyoyin burtsatse masu yawa, na hukuma da na ƙungiyoyi da na masu hali a cikin gidajensu, wasu har suna sayar wa maƙwabta a jarka. Jerin farko da ya kamata ɗaliban Tibiri su fito da shi shi ne na waɗannan rijiyoyi: ina suke, mita nawa ne zurfin kowace, wa ke sha, kuma yaushe rabon da a auna ta.